Bayan aikin zuciya: Yaushe za a hau jirgi, kuma ina makomar kuɗin da aka biya?



Tambayar wannan makon ta sha zuwa mini a kantin magani, kuma galibi 'ya'ya ne ke kawo ta. An yi wa Baba ko Mama aikin zuciya, ga shi tun kafin ciwon ya taso an riga an biya kuɗin Umara, ko an yanki tikitin zuwa Ingila ganin jika. A tafi ko a fasa? In an fasa, kuɗin fa?

Tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa a nan. Iya hawa jirgi daban, iya ɗaukar wahalar tafiyar daban.

Ta farko ta fi sauƙin amsawa. Ƙa'idar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Birtaniya ita ce wanda aka buɗe wa ƙirji zai iya hawa jirgi bayan kwana 10 zuwa 14, matuƙar wata matsala ba ta biyo bayan aikin ba. Wanda kuwa aka zura wa ɗan bututun waya ta jijiya don buɗe hanyar jini, ba tare da ya samu bugun zuciya ba, kwana 2 kan wadatar. Dalilin jiran shi ne iska. A cikin jirgi tamkar mutum yana kan dutse ne mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Duk iskar da ta maƙale a ƙirji lokacin aiki za ta kumbura da kusan kashi 30 cikin 100, kuma iskar shaƙa da ke shiga jini tana raguwa, alhali wanda ya fito daga tiyata dama jininsa ya yi ƙasa. Shi ya sa waɗanda aka yi wa aiki a Indiya ko Masar ba a barin su kamo hanyar gida washegarin sallama.

To amma wannan lissafin na mai komawa gida ne ya kwanta. Don a kai ga zuciya, raba ƙashin ƙirji ake yi biyu, sannan a ɗaure shi da waya. Yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, ga tsofaffi da masu ciwon suga yakan kai wata 3. A wannan tsakanin ana hana ɗaukar abin da ya wuce kimanin kilo 5. Jarkar Zamzam ɗaya tal, mai lita 5, ta cinye wannan adadi, balle akwatin tsaraba. Ku auna turereniyar ɗawafi, inda gwiwar hannun wani ƙato za ta iya sauka a kan ɗinki. Safa da Marwa kaɗai ya haura kilomita 3. Ga zafi: a Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun tabbatar da rasuwar mutum fiye da 1,300, a kwanakin da zafi ya haura digiri 51 a Makka. A ganina, duk tafiyar da ba ta dole ba a bar ta sai an cika wata 3, kuma likitan zuciyar da ke bin marar lafiyar ne zai yanke hukunci, bayan an faɗa masa ainihin abin da za a je yi. Kada a tsaya a "zai iya hawa jirgi?" A ce masa Umara ce, a wata kaza, kwana kaza.

Yanzu ga fannina, wato magani, kuma a nan aka fi samun ɓaraka.

Wanda aka saka wa bawul na ƙarfe a zuciya yana shan maganin tsinka jini mai suna wafarin har ƙarshen rayuwa. Magani ne mai tsirfa. In ya yi kaɗan, jini ya daskare a kan bawul ɗin. In ya yi yawa, jini ya ɓalle. Ana auna shi da gwajin INR, kuma likita kan ba kowa iyakarsa, yawanci 2 zuwa 3 ko 2.5 zuwa 3.5. A yi gwajin ana saura 'yan kwanaki a tashi, in kuma zaman zai yi tsawo a san inda za a maimaita shi a can. Abinci yana taɓa shi. Mutumin da ya saba da miyar alayyafo da kabeji kullum, in ya je inda babu ganye sai shinkafa da kaza, awonsa na iya sauyawa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne taimakon abokan ɗaki. Gudawa ta kama mutum, maƙwabcin gado ya miƙo Flagyl ko Septrin da kyakkyawar niyya, alhali dukansu biyu suna ƙara wa wafarin ƙarfi har jini ya ɓalle. Haka diklofenak da ibufurofen da ake rabawa don ciwon ƙafa. In ciwon jiki ne a tsaya a farasitamol, shi ma ba a wuce ƙa'ida ba. Ko wajen allurar sanƙarau da Saudiyya ta wajabta, a gaya wa mai yin allurar cewa ana shan maganin tsinka jini.

Mai bututun waya kuma, asfirin da Plavix ɗinsa ba a ɗaga musu ƙafa ko na kwana ɗaya sai da izinin likita, domin bututun na iya toshewa. Lasix shi ne wanda matafiya suka fi yi wa wayo, saboda yana sa fitsari, kuma ba mai son layin bayin jirgi. Ku tambayi likita ko za a sha da asuba ko a jinkirta sai an sauka, maimakon a watsar da shi kwana uku a wayi gari ƙafa ta kumbura, numfashi na sarƙewa.

Magani a jakar hannu yake tafiya, domin akwati na iya sauka a wani gari. A bar shi cikin kwalinsa na asali, a ɗauki na kwanakin tafiya da ƙarin na mako 2, tare da takardar likita mai ɗauke da sunan kowane magani da adadinsa. Ina roƙon iyayenmu mata su daina juye ƙwayoyi kala biyar a leda ɗaya. In an sallami mutum da tiramadol ko kodin, ku sani Saudiyya da Dubai da Masar ba sa wasa da su, kuma shiga da su babu takarda na iya kai mutum gidan yari. Batun lokaci ba shi da wuya: Saudiyya na gabanmu da awa 2 ne kacal, Dubai awa 3, Indiya awa 4 da rabi.

Zaman jirgi da ya wuce awa 4 yana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, ga shi Legas zuwa Landan ya haura awa 6. A nemi kujerar bakin hanya, a riƙa tashi ana takawa, a sha ruwa gwargwadon yadda likita ya ƙayyade. A nemi keken marasa lafiya daga kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tashi, kuma a tambaye su ko suna bukatar likita ya cike fom ɗinsu na MEDIF. Ciwon ƙirji, haki a zaune, zazzaɓi, ɗinki mai fitar da ruwa ko kumburin ƙafa ɗaya, kowanne ya bayyana ranar tafiya, asibiti za a nufa.

Idan kuwa shawara ta tsaya a kan fasawa, a faɗa wa mai tafiyar gaskiya. Ba na goyon bayan ɓoye fasfo ko cewa biza ce ba ta fito ba. Dattijon da ya yi shekaru yana tari zai ji zafin abin, kuma sanya masa sabon wata da za a sa rai ya fi "sai ka warke" kwantar da hankali. Malamai sun bayyana cewa lafiya na cikin ikon da ke wajabta Hajji.

Game da kuɗi, babbar asara ita ce yin shiru har jirgi ya tashi. Wanda bai soke ba kuma bai je ba, tara ake ci masa, sauran zangon tikitin ma a soke su. Ku sanar tun da wuri, a rubuce, haɗe da wasiƙar likita mai kwanan wata da hatimin asibiti. Ku fara neman ɗage rana kafin neman a mayar da kuɗi, domin tikiti galibi yana da wa'adin shekara ɗaya, kuma kamfanoni sun fi sakin hannu a ɗagewa. Ko tikitin da aka ce ba a mayar da kuɗinsa, akwai harajin filin jirgi a cikinsa da sau da yawa ake iya karɓowa. In ta hannun ejan aka saya, ta hannunsa kuɗin zai dawo, saboda haka a adana rasit da duk saƙon da aka yi musaya. Kuɗin biza dai a ɗauka ya tafi. Kada a manta da tikitin ɗan rakiya, shi ma a haɗa shi cikin wasiƙar.

Inshorar tafiya tana biya ne idan an saye ta kafin ciwon ya bayyana, ko an bayyana shi lokacin saye. Wanda ya ɓoye aikin zuciya don kuɗin ya yi sauƙi, takardar banza ya saya. A Ingila, baƙon da aka kwantar a asibitin gwamnati ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin jinyar.

Maniyyaci ya rubuta wa hukumar jin daɗin alhazai ta jiharsa da zarar likita ya yanke hukunci, kafin a kai ga buga biza. Idan kamfanin jirgin yawo ne ya riƙe kuɗi yana ta "gobe, jibi", hukumar NAHCON ce ke ba su lasisi, can za a kai ƙara. In kamfanin jirgi ne, hukumar NCAA na da sashen kare haƙƙin fasinja, kuma za su nemi lambar tikiti da kwafin wasiƙar da kuka fara aikawa.