Tura Fim Hannu da Hannu Ba Dole Ya Zama Sata Ba

Duk lokacin da masu shirya finafinan Kano suka koka da satar fasaha, sai su ɗora laifi a kan wayoyinmu. Mu mazauna zangon Kumasi da Nima da Garwa muna da ja. Tun da kasuwar faifai ta mutu, wace halastacciyar hanya aka buɗe mana? Shagon mai turawa kaɗai ya rage, sai Xender tsakanin maƙwabta.

Fasahar ba ɓarauniya ba ce. BitTorrent, wadda Bram Cohen ya ƙirƙiro a 2001, tana yanka fim gunduwa-gunduwa, duk wanda ya samu wani yanki ya miƙa wa na gaba. Yawan masu karɓa yana ƙara saurin aikin, ya kuma rage wa mai fim kuɗin ɗaukar nauyi. A 2006 kamfanin Warner Bros. na Amurka, wanda ya daɗe yana yaƙi da masu kwafe, ya ƙulla yarjejeniyar sayar da finafinansa ta wannan hanya.

To me ya hana Kannywood? A saki fim a kulle, mabuɗinsa ya zo bayan an biya ta MoMo ko Orange Money, da sidi ko sefa, domin katin naira ba ya aljihunmu. A ba masu turawa lasisi da kaso, su zama dillalai.

Mu ma kada mu wanke kanmu. Muna biyan mai shago, wanda ya yi gumin bai ga ko sisi ba. In muka ci gaba a haka, ranar da Kano ta daina yin fim, ’ya’yanmu ne za su rasa inda za su ji Hausa.