Mainin a waya: Me matasan Jigawa suka tsinta bayan fashewar Hamster Kombat?

A shekarar 2024, da wuya ka zauna a majalisar matasa a Dutse, Kiyawa ko Birnin Kudu ba ka ga wani yana ƙwanƙwasa fuskar wayarsa ba. Wasan Hamster Kombat ne a manhajar Telegram, inda ake tara sulallan cikin wasa da fatan su zama kuɗi ranar da za ta "fashe".

Fatan yana da tushe. Notcoin ta fashe a watan Mayun 2024, wasu sun samu na kashewa, a daidai lokacin da cire tallafin man fetur ya tsananta tsadar rayuwa. Sai dai Hamster ta yi iƙirarin cewa masu wasanta sun kai miliyan 300. Da aka fara cinikinta ranar 26 ga Satumba, da yawa sun tashi da 'yan daloli ƙalilan, bayan watanni suna sayen data da biyan kuɗin caji.

Dalilin a fili yake. Masu rabo sun yi yawa, kuma kusan kowa sayarwa ya zo yi, don haka farashi ya faɗi. A Venezuela, matasan da suka riƙa tara zinaren wasan RuneScape suna da masu saye: 'yan wasan ƙasashen waje da ke buƙatar zinaren don ci gaba da wasa. Sulallan Hamster ba su da irin waɗannan masu buƙata.

Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, jarin mainin ya ƙaru. Kafin matashi ya shiga sabon wasa, ya kamata ya tambayi kansa: wa zai sayi abin da nake tarawa, kuma me zai yi da shi?