Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba

Jama'a, kowa ya san Daura ba ta rasa baƙi. Akwai masu zuwa ganin rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijin da ya hana mutanen Daurama ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Akwai masu zuwa kallon hawan Salla da Sallar Gani. Tun da aka binne tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari a gidansa a watan Yuli na 1447 Hijira, watau 2025, sunan garin ya ƙara fita. Wannan ya sa masu hali su ke tunanin gina ɗakuna su riƙa ba baƙi haya ta kwana biyu ko uku.

Neman halal ne, kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Fatoman da can shi ke saukar da fatake, ya ci da su, ya sami la'adarsa wajen cinikin hajarsu. Amma fa fatake suna zuwa duk tsawon rani, masu kallo kuwa sai lokacin biki.

To, mai niyya ya zauna ya yi lissafi. Salla biyu da Gani, ko an ba kowace mako guda, kwana 21 ke nan cikin 365. Sa'an nan mutumin Kano ko Katsina ya kan ga rijiya da hantsi, ya kwana gidansa. Wanda ya kwana ma, galibi gidan dangi ya ke sauka. Mai gadi kuwa da man inji da ruwa da gyaran rufi ba su san ɗaki ya kwana wofi ba. Wanda ya ci bashi ya yi gini bisa ribar ranar hawa, uwar kuɗi zai ci.

Akwai kuma haƙƙin ɗan gari. A Basalona ta ƙasar Sifen gidajen baƙi sun tsauwala kuɗin haya, har hukuma ta ba da sanarwa a 2024 za ta soke izinin gidaje wajen dubu 10 nan da 2028. Kada a fitar da magidanci daga gidan haya saboda mai kwana biyu.

Shawararmu ita ce a yi ginin da zai karɓi haya iri biyu. Daura ta sami babbar kwalejin kimiyya da fasaha ta Tarayya da jami'ar sufuri, ga kuma hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi da aka fara a 2021, wadda aka shata ta bi ta garin. Ɗalibai da ma'aikata su ne masu hayar shekara. A ba su yawancin ɗakuna, a keɓe ɗaya ko biyu domin baƙi. In baƙo ya zo, riba ce. In bai zo ba, jari na nan. Allah Ya sa mu dace.