Sabon Mai Hoto: Ka Nemi Haske Kafin Ka Nemi Dogon Lensi

A 'yan shekarun nan da wuya a yi taro a makarantar nan, ko na rantsar da sabbin ɗalibai ko na yaye su, ba ka ga wani ɗan'uwanmu rataye da kyamara yana neman na sabulu ba. Wannan abin a yaba ne, domin ya fi zaman jiran saƙo daga gida. Sai dai akwai abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda sababbin shiga suke zubar da ɗan abin da suka tara wajen sayen kayan da ba su ne za su fitar da su kunya ba.

Ina da abokin zama da ya yi zango biyu yana tsimi, ya sayi kyamara, sannan ya ƙarar da canjin a kan wani zungureren lensi mai lamba 70-300mm, don kawai a gan shi a ce ga ƙwararre. Aikinsa na farko liyafar aure ce da dare a cikin zaure. Sai da ya manne da bango kafin mutum uku su shiga hoto, kuma da aka duba, rabi duhu ne, rabi sun yi dishi-dishi. Dangin amarya suka ƙi biyan cikon kuɗi, shi kuma bai ƙara samun aiki a unguwar ba.

Ra'ayina shi ne, hoto haske ne. Saboda haka duk abin da sabon mai hoto zai saya, ya fara tambayar kansa: shin wannan zai ƙara mini haske, ko kuwa nauyi zai ƙara mini a wuya?

Mu fara da lensi, wato idon kyamara. Lambobi iri biyu ne a jikinsa. Mai "mm" tana nuna faɗin abin da yake gani: ƙaramar lamba kamar 18 tana kwaso ɗaki guda, babba kamar 300 tana jawo na nesa. Mai "f" kuwa tana nuna girman ƙofar da haske yake shiga, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Lensin da yake zuwa da yawancin ƙananan kyamarori, 18-55mm, idan ka zuƙo shi zuwa ƙarshe ƙofarsa tana tsukewa zuwa f/5.6. Shi kuwa ɗan ƙaramin 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a wajen Canon da Nikon, hasken da yake shigarwa ya kusan ninka wancan sau 10. Da abokina shi ya saya, da bai sha kunya ba. Ƙari a kan haka, yana fito da fuska tar, ya dusashe abin da yake bayanta.

Amma a lura, a ƙananan kyamarorin da ɗalibai suka fi saya, 50mm yakan matse fili kamar 75mm ko 80mm. Wanda aikinsa na cikin ƙananan ɗakuna ne, 35mm zai fi masa. Haka kuma lensin wani kamfani ba ya ɗauruwa kai tsaye a kyamarar wani. Ko a gida ɗaya ma, tun 2018 da Canon da Nikon suka fito da sabon tsarin RF da Z, tsofaffin lensuna sai da adafta. Je kasuwa da kyamararka, ka ɗaura ka gwada kafin ka miƙa kuɗi.

Wani zai ce, ai lensin da ba ya zuƙowa wahala ne a wajen biki, inda komai yake faruwa a guje. Gaskiya ne. Shi ya sa ban ce ka yar da 18-55mm ɗinka ba. Riƙe shi don hoton taro da rana. Abin da nake cewa shi ne, wanda aka tilasta wa takawa da ƙafarsa ya fi saurin koyon inda ya kamata ya tsaya.

Sai batun haske, wanda ya fi shafar mu baƙar fata. Kyamara tana auna haske ne bisa zaton abin da yake gabanta tsaka-tsaki ne, ba fari ba, ba baƙi ba. Idan ango ya sha farar shadda, sai ta rage haske don rigar, fuska ta nutse. Wannan matsala ta daɗe: tun shekarun 1950 katin da kamfanin Kodak yake ba masu wanke hoto su daidaita launi da shi, hoton Baturiya ne a jiki. Maganin ba shi da tsada. Ka tsayar da mutum a inuwa ko gefen taga, ka sa wani ya riƙe farin kwali ko faifan azurfa yana mayar masa da haske a fuska. Idan kuɗi ya samu, ka sayi filashi guda mai batir wanda kansa yake juyawa, da farar lema. Kada ka harba shi kai tsaye a goshi, sai fuska ta yi ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa. Harba shi a farin silin ko cikin lemar. Ka kuma riƙe wannan ƙa'ida: idan ka ninka nisan fitila daga mutum, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai isa gare shi. Manyan fitilun sitidiyo masu jiran wutar lantarki kuwa, kai ma ka san halin da ake ciki.

Duba magabata a wannan sana'a. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, kuma yawancin hotunansa da duniya take tinƙaho da su da hasken rana ya ɗauke su a tsakar gida. Namu na nan Nijeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere, da 'yar kyamarar Brownie ya fara a 1950, kafin daga 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitson mata da suka fito da sunansa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

A ƙarshe, idan za ka sayi na hannu, ka haska tocila cikin lensin. Idan ka ga wani abu kamar saƙar gizo, fumfuna ce, ka bar musu kayansu. Damshin Kudu yana haifar da ita, kamar yadda ƙurar hunturu take cin kaya a Arewa, don haka ka riƙa ajiye naka a busasshen wuri mai murfi.

Ɗan'uwa, kuɗinka na gumi ne. Lensi ɗaya mai faɗin ƙofa, filashi ɗaya, farin kwali, da yawan gwaji a kan abokan ɗaki sun ishe ka farawa. Sauran kayan, bari sana'ar ta saya maka da kanta. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.