KU DAINA TURA ALJANU DAIMENSHIN NA BIYAR

'Yan uwana ɗalibai 'yan Arewa, musamman mu da ke karatu a nan Kudu. Rubutun da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara jifa.

Wata annoba ta shigo guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp da hirar bayan Isha'i a ƙofar masallaci. Mutum zai sauke littafin Michio Kaku mai suna Hyperspace a waya, ya karanta babi biyu, washegari ya hau wa'azi: wai kimiyya ta gano aljanu a daimenshin na biyar suke, wai Turawa sun tabbatar da sammai bakwai. Can sai wani ya taso, shi kuma A Brief History of Time na Stephen Hawking ya leƙa, yana yi wa kowa kallon baƙauye, wai ilimi ya wuce zancen Mahalicci. Suna ganin kansu abokan gaba, amma wallahi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ka tambayi kowannensu ma'anar kalmar daimenshin, sai ka ji an koma kame-kame.

To ga ma'anarta. Daimenshin shi ne adadin lambobin da kake buƙata don ka nuna inda abu yake. Motar da ta lalace a titin Legas zuwa Ibadan, lamba ɗaya ta isa: kilomita kaza. A filin ƙwallo sai biyu, tsawo da faɗi. A hostal mai bene sai uku, don dole a faɗi hawa na nawa. In kuma alƙawarin haɗuwa ne, sai ka ƙara ƙarfe nawa, sun zama huɗu. Shi ke nan fa. Daimenshin ba unguwa ba ce da wani zai tare a cikinta.

Kada a ce ina yaƙi da littattafan. Ina son su, kuma ina so ku karanta. Flatland, wanda wani malamin makaranta a Landan, Edwin Abbott, ya fitar a 1884, har gobe yana buɗe kai: labarin halittu ne da ke rayuwa a shimfiɗe kamar zane a takarda, ba su san sama da ƙasa ba. Amma irin waɗannan littattafai suna zuba abu uku a ƙwarya ɗaya, kuma mai karatu cikin gaggawa ba ya rarrabewa.

Na farko, abin da aka gwada ya tabbata. Einstein ya fito da nazariyyarsa a 1905, Minkowski ya nuna a 1908 cewa wuri da lokaci a haɗe suke, daimenshin huɗu. A 1915 Einstein ya ce abu mai nauyi yana lanƙwasa su. Ranar 29 ga Mayu 1919 Arthur Eddington yana tsibirin Firinsife, nan cikin Tekun Gini kudu da gaɓar Najeriya, ya ɗauki hoton taurari lokacin husufin rana, aka ga haskensu ya karkata da ya gifta kusa da rana. Yau agogon taurarin ɗan Adam na GPS yana riga na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, kuma da ba a gyara wannan bambanci, da taswirar wayarka ta kai ka daji. Wannan babu ja.

Na biyu, hasashe. Theodor Kaluza ya gwada ƙara daimenshin na biyar a lissafi a 1921, Oskar Klein ya ce a 1926 wataƙila a naɗe yake, ƙarami ƙwarai, shi ya sa ba ma ganinsa, kamar tabarmar da aka naɗe tam ka hango ta daga nesa ka zaci sanda ce. Daga baya nazariyyar tsirkiya, mai cewa asalin komai wasu 'yan zarurruka ne masu kaɗawa, ta buƙaci daimenshin 10, Edward Witten ya kai su 11 a 1995. Lissafi ne mai kyau, manyan ƙwaƙwale ke yin sa. Amma har yau babu gwaji ko ɗaya da ya nuna daimenshin na biyar. Na'urar CERN da ke iyakar Faransa da Suwizalan, mai zagayen kilomita 27, ta gano ƙwayar Higgs a 2012, amma ba ta ga alamar ƙarin daimenshin ba. Su kansu masu fannin ba bakinsu ɗaya ba: a 2006 Lee Smolin da Peter Woit kowa ya rubuta littafi guda yana sukar nazariyyar. Masu wa'azin WhatsApp sun taɓa gaya muku wannan?

Na uku, misali. Kifin cikin kududdufi, balan-balan da ake hurawa, tururuwa a kan igiya. Marubuci ya kawo su ne don ya cire lissafi. Hawking da kansa ya ba da labarin an gargaɗe shi cewa kowane lissafi da ya saka zai rage rabin masu saye, shi ya sa littafinsa na 1988 ya ƙare da guda ɗaya tal. Wato abin da ke hannunka romo ne, naman yana can cikin lissafin da aka cire. Ya za ka sha romo ka fito kana bayanin ƙashi?

Yanzu ga inda abin ke ci mini rai. Kai mai cewa aljanu na daimenshin na biyar, ka san me ka yi? Ka ɗauki gaibu, wanda muka yi imani da shi ta hanyar wahayi, ka jingina shi da hasashen da masu shi ba su rantse a kansa ba. In gobe nazariyyar tsirkiya ta rushe, me za ka ce wa ƙanin nan ɗan aji ɗaya da ya ɗauki maganarka? Kai ka shuka masa shakka da hannunka. Ba a ɗaure doki a jikin kara. Kai kuma mai ɗaga hanci, ma'aunin fiziks nauyi da nisa da lokaci yake aunawa. Ra'ayin Hawking kan Ubangiji ra'ayinsa ne, ba sakamakon ɗakin gwaji ba ne. Ka koyi bambance su.

Na san za a ce, "Haba Malam, ai gara su, suna karatu." Na yarda, ya fi gulmar 'yan fim. Amma karatun da zai sa ka ji ka gama sani bayan babi biyu, ya rufe maka ƙofar da ya kamata ya buɗe. Mu duba kanmu tsakani da Allah: mu nawa ne a sashen lissafi da fiziks na makarantun da muke? Mu nawa ke gudun kalkulas kamar wuta, amma a Facebook mu ne gwanayen daimenshin 11? A garin mutane muke. Abokan karatunmu suna ganin abin da muke rubutawa, kuma ba sunanka kawai suke riƙewa ba, cewa suke 'yan Arewa. Alhali muna da gado: Muhammad al-Kashinawi, Bakatsine, ya yi rubutu kan lissafin murabba'in lambobi tun 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Shawarata: ka karanta da biro a hannu. Kowace magana ka tambaye ta, an gwada ki, ko hasashe ce, ko misali? In abin ya kama ka da gaske, ka koma kan aljabara da kalkulas. Cibiyar ICTP da ke Tiriyeste a Italiya tun 1964 take horar da 'yan ƙasashe irin namu, AIMS na da cibiyoyi a Gana da Kamaru da Senegal da Ruwanda. Ka nema. Zancen aljanu kuma a bar wa malamai da nassi.

Wanda ke da ja, ga fili nan a ƙasa. Sharaɗi ɗaya ne: ka faɗa mana gwajin da ya gano daimenshin na biyar, da shekarar da aka yi shi.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya raba mu da jin kunya a bainar jama'a.