Raddi Ga Mai Fifita Chrono Cross A Kan Chrono Trigger

Akwai wata da'awa da ta daɗe tana yawo a bakin masu sha'awar wasannin bidiyo na ƙasar Japan, irin waɗanda mai wasa ke shiga rigar jarumi ya bi ƙissa daga farkonta har ƙarshenta, kuma kwanan baya wani ɗan'uwa mai alƙalami ya sake fito da ita fili, yana cewa wai Chrono Cross, wanda kamfanin Square ya fitar a kan na'urar PlayStation a 1999, ya fi magabacinsa Chrono Trigger na 1995 zurfin labari da hikimar tsari, har ya kai ga kiran magabacin tatsuniyar yara. Da yake Malam ya jero hujjojinsa cikin ladabi, haƙƙinsa ne a bi su ɗaya bayan ɗaya, a karɓi abin karɓa, a mayar masa da abin mayarwa.

Hujjarsa ta farko ita ce Cross ya taɓo manyan mas'aloli, wato ƙaddara da zaɓi, da haƙiƙanin wane ne mutum idan aka raba shi da jikinsa, alhali Trigger bai wuce labarin samari da suka ratsa zamani don su kashe dodon nan Lavos ba. Babu mai musun cewa mas'alolin suna nan. Yaro Serge ya faɗa wata duniya inda ya tarar shi kansa ya nutse a ruwa shekara 10 da suka wuce, har ga kabarinsa. Daga baya kuma aka musanya masa jiki da maƙiyinsa Lynx, abokan tafiyarsa suka juya masa baya. Sai dai ambaton mas'ala daban, warware ta daban. Ina roƙon Malam ya tuna ta wace hanya sirrin na'urar FATE, da birnin Chronopolis, da shirin tsoho Belthasar suka iso ga mai wasa: mafi yawansu an tara su ne a ƙarshen tafiya, wasu a rubuce cikin na'urorin birnin, wasu a bakin fatalwowin yara uku a gaɓar Opassa, suna zuba bayani shafi bayan shafi, mai wasa kuwa ba shi da aiki sai danna maɓalli ɗaya. Wannan sharhi ne aka liƙa a gefen littafi saboda matanin ya gaza ɗaukar ma'anarsa.

Trigger kuwa ita wannan mas'ala ta zaɓi da sakamako a hannun mai wasa ya sa ta, bai ce masa uffan ba. A babban bikin masarautar Guardia, a shekara ta 1000 bisa lissafin wasan, mutum yana yawo abinsa, ko ya cinye abincin wani tsoho, ko ya taimaki yarinya ta samu kyanwarta, ko ya riga ɗaukar abin wuyan wata budurwa mai suna Marle kafin ya duba lafiyarta bayan sun yi karo; can gaba sai a gurfanar da jarumin, Crono, gaban shari'a, shaidu su taso ɗaya ɗaya suna faɗin abin da hannunsa ya aikata lokacin da yake zaton babu mai lura. Haka nan ƙissar Lucca, abokiyar tafiyar Crono, wadda aka buɗe mata ƙofa ta koma ranar da injin mahaifinta ya kama tufar mahaifiyarta ya nakasa ta: mai wasa ne da kansa zai danna haruffan sunan uwar, Lara, a kan maɓallan da ke hannunsa kafin lokaci ya ƙure, in ya makara kuwa abin ya auku a gabansa, wasan ya ci gaba, ba a ba shi dama ta biyu. Ga kuma mutum-mutumin nan Robo, wanda ya zauna shekara 400 yana noman hamada har ta koma daji. Kai, shi kansa Crono, jarumin wasan, yana mutuwa a tsakiyar labari, kuma mai wasa yana da ikon ya kammala ba tare da ya dawo da shi ba. Idan wannan ce tatsuniyar yara, to lalle yaran nan an yi musu tarbiyya mai tsanani.

Hujja ta biyu ita ce yawa: Cross yana da mutum 45 da za a iya ɗauka cikin ayari, Trigger kuwa 7 kacal. A nan Malam ya kafa hujja da abin da yake hujja a kansa. Uku kawai ke fita fagen fama a lokaci guda, kuma cikin arba'in da biyar ɗin akwai kare mai magana, da ɗan tsana na ciyawa, da mutumin da ya rikiɗe ya zama naman kaza, waɗanda da zarar sun shiga ayari labarinsu ya kusa ƙarewa. Saboda yawan nasu ne ma masu fassarar Ingilishi suka ƙera wata dabara da ke ɗaukar jimla guda ta sauya mata karin harshe gwargwadon wanda ke tsaye a wurin, ma'ana dai maganar ɗaya ce, bakin ne ke canzawa. A gwada wannan da Frog na Trigger, wanda asalinsa Glenn ne, Magus ya kashe amininsa Cyrus ya mayar da shi kwaɗo, sannan aka zo gaɓar da mai wasa zai zaɓa ko a ɗauki fansa ko a bar Magus ya shigo ayari, bayan an riga an nuna masa cewa wannan azzalumin shi ne yaro Janus da ya rasa 'yar'uwarsa.

Ta uku ta shafi tsarin faɗa, kuma a nan Malam yana da rabin gaskiya. Launuka shida masu kishiyantar juna, da ƙarfin jiki mai maki 7 da kowane sara ke ci, da filin da ke rinuwa da launin sihiri uku na ƙarshe, da izinin guduwa daga kowane faɗa ko da na babban maƙiyi ne, duk tunani ne mai kyau, ban ƙi ba. Illarsa ita ce tun da ƙaruwar ƙarfi ta haƙiƙa tana zuwa ne daga taurarin da ake samu bayan kayar da manyan maƙiya, ƙananan faɗace-faɗace sukan zama wahala marar lada mai yawa, kuma duk wanda ya sauya ɗan ayari sai ya zauna jera masa sihiri gurbi gurbi, abin da ke sa mutum ya riƙe ukunsa ya manta da saura. A Trigger kuwa dabarun haɗin gwiwa na mutum biyu da na uku suna sa zaɓin abokin tafiya ya zama zaɓin salon yaƙi, ga shi inda maƙiyi ya tsaya a fili yana da tasiri a kan irin saran da ya dace.

Adalci ya wajabta in faɗi inda Cross ya yi fice. Masuncin ƙauyen Arni, wanda a wata duniya ya riƙe sana'arsa, a ɗayar ya watsar da ita ya koma bautar gunki a ɗakin ƙasa, ya fi dukan jawaban Chronopolis faɗakarwa. Faɗan ƙarshe ma, inda ake kuɓutar da yarinyar da ke manne da dodo ta hanyar jera launuka bisa tertibin sautinsu maimakon kisa, abin yabo ne. Kiɗan Yasunori Mitsuda kuwa ba ya shiga wannan jayayya, domin shi ne ginshiƙin kiɗan wasannin biyu.

Saura hujjarsa ta ƙarshe, cewa marubuci Masato Kato ya sami sakin mara ne a Cross, inda ya zama mai ba da umarni, bayan a Trigger yana ƙarƙashin inuwar Hironobu Sakaguchi da Yuji Horii da Akira Toriyama. To ai shi Katon ne ya rubuta babin masarautar Zeal a Trigger, wadda ke shawagi a sama shekara 12,000 kafin Miladiyya, talakawa na ƙasa cikin ƙanƙara, sarauniya ta haukace da neman dawwama, 'yarta Schala tana yi mata biyayya tana kuka a zuci. Kuma ya rubuta shi a taƙaice ne saboda akwai masu ce masa ya isa. Da ya rasa mai ce masa haka, sai ya koma ga Schala ɗin nan ya gina ƙarshen Cross kacokan a kanta, ta yadda wanda bai buga Trigger ba zai isa faɗan ƙarshe, ya ga yarinya a manne da dodo, a ce masa ya cece ta, alhali bai taɓa zama da ita ko na sa'a guda ba balle ya san abin da ya sa ake kuka dominta.