Filtar Baƙin Mai: Martani Ga Mai Cewa Duk Ɗaya Ce

Malam, a rubutunka ka ce muddin filta ta ɗauru ba ta yoyo, a sayi mai araha kawai. Wannan shawara ce ta wanda ba shi zai biya kuɗin gyaran inji ba.

Ɗauki tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ, dizal mai silinda 6 da Toyota ta fito da shi a 1990. Ka sa bakanike ya yanka maka filta mai kyau da ta jabu, ka gani da idonka. Mai kyau takardarta a cike take, ninki a kan ninki. Ta jabu kuwa 'yar takarda ce sharara, gam ya saki, robar da ke hana mai komawa ƙasa in an kashe mota ta bushe ƙayau. Shi ya sa da asuba inji ke ƙwanƙwasa kafin fitilar mai ta mutu: ƙarfe ke cin ƙarfe.

Ka kuma manta da bawul ɗin da ke buɗewa in takarda ta toshe. In sifirin ɗinsa sako-sako ne, mai zai riƙa wucewa ba tacewa, da baƙin hayaƙin dizal da ƙurar hanyar Agadas duka.

Ɗauruwa ai zancen zare ne kawai, Malam. Lambar filta ake dubawa, a haɗa da ta inji.